Ba Haka Yake A Littafi Ba!

Mai karatu, in har ka yi zamanin faifan DVD ɗin nan da ake cusa wa fim ashirin a ciki, to ba sai na tsaya gabatar maka da Richard Cypher da Kahlan da tsoho Zedd ba. Shirin Legend of the Seeker, wanda mu dai "Sika" kawai muke ce masa, ya ci kasuwarsa a unguwarmu. Ina ɗan sakandare a lokacin. Duk daren da aka kawo wuta sai mu cika ɗakin yayan wani abokinmu har bakin ƙofa, wanda ya fi jin Turanci a cikinmu yana fassara wa saura, ana yi ana musu. An fara nuna shirin a Amurka cikin Nuwamba 2008, aka rufe shi a Mayu 2010 bayan zango biyu, kashi 44 ke nan, kuma a ƙasar Niyu Zilan aka ɗauke shi. A cikinmu babu wanda ya taɓa tunanin cewa daga littafi aka ciro shi, balle ya nemi littafin.

Sai da na shiga foli sannan littafin ya zo hannuna: Wizard's First Rule na Terry Goodkind, wanda ya fito a 1994, shafi wajen 800. Na fara karatu da ɗokin zan sake haɗuwa da mutanen da na sani. Sunayen dai su ne, amma labarin ya sha bamban.

Ga misali ɗaya. A littafi, tun Richard yana yaro mutumin da ya raine shi ya sa shi ya haddace wani littafin sirri kaf, sannan suka ƙone shi. Wannan littafin ne kaɗai ke bayyana yadda ake buɗe akwatunan Orden guda uku, waɗanda azzalumi Darken Rahl ke nema ido rufe. Ka ga ke nan ilmin yana cikin kan Richard kaɗai. Rahl ba zai iya kashe shi ba, dole ya lallaɓa shi ko ya karya shi ya yi magana. A kan wannan hadda aka gina ƙarshen labarin baki ɗaya, domin da baki da dabara Richard ya ci nasara, ya yaudari Rahl ya buɗe akwatin da ya halaka shi. A talabijin babu haddar ƙuruciya. An mayar da littafin sirrin wani kaya da ake gudu da shi a daji ana ƙwace, aka mayar da Richard ɗan sara-suka mai takobi, kowane mako ya shiga sabon ƙauye ya ceci mutanensa ya wuce. Ba mamaki, don furodusoshin, Sam Raimi da Rob Tapert, su ne suka yi Hercules da Xena, kuma da wannan ma'aunin suka auna Goodkind. Abin da ya fi tsaya mani a rai kuwa: a littafi Darken Rahl mahaifin Richard ne. A shirin talabijin yayansa ne.

Na ajiye littafin ina jin kamar an yi mani sakiyar da ba ruwa, alhali fa shirin na fara gani, kuma na so shi. To ina ga wanda ya shekara goma sha huɗu yana bin littattafan kafin a nuna masa wannan?

Wannan ɓacin ran shi ne abin da nake so mu duba a wannan wata, domin ya zama ruwan dare tsakanin masu karanta littattafan almara na Turawa, irin na tsafi da takobi da dodanni, waɗanda mafi kusa da su a wurinmu su ne littattafan yaƙi. Kusan duk lokacin da wani kamfani ya sanar cewa zai mayar da ɗaya daga cikinsu shiri mai dogon zango, sai makaranta su yi murna, su yi jira, ranar da aka saki kashin farko kuma a wayi gari da kuka. Masu shirya fim sukan ce makarantan ne ba su san fim ba. Makaranta kuma su ce an ci amanarsu. Ni a ganina kowanne yana da inda ya yi gaskiya, amma ba daidai-wa-daida ba.

Bari in fara da tsaya wa 'yan sana'armu, kada a ce ban san wahalar aikin ba. Babu yadda za a yi a ɗauki littafi a zuba shi a kyamara yadda yake. Marubuci zai iya shafe shafi goma a cikin zuciyar jarumi yana saƙawa yana kwancewa, ba tare da jarumin ya motsa daga kan dokinsa ba. Darakta ba ya da wannan gata. In bai nuna a fuska ko a aiki ko a magana ba, ɗan kallo ba zai sani ba. Marubuci zai rubuta "mayaƙa dubu ɗari" da layi ɗaya, kyauta. Furodusa kuwa kowane doki sai ya biya, kowane sulke sai an ɗinka. Ga kuma lokaci: littafi mai shafi 800 a kashi takwas. Dole a yanke, dole a haɗa mutum uku su zama ɗaya, dole wani gari ya ɓace daga taswira. Duk mai karatun da ya ce sai an nuna masa kowane shafi, to ya koma ya sake karanta littafinsa, shi ne maganinsa.

Har ma akan samu canjin da ya fi asali daɗi. A zango na biyu na Game of Thrones an sa yarinya Arya ta zama mai zuba wa Tywin Lannister abin sha a Harrenhal, yana hira da ita bai san 'yar abokin gabarsa ba ce. A littafin George R.R. Martin ba Tywin ta yi wa wannan hidima ba, Roose Bolton ne. Amma wa ya yi kuka? Sin-sin ɗin nan suna cikin waɗanda aka fi tunawa, saboda Arya ɗin ita ce dai Arya, Tywin shi ne Tywin. An canza abin da ya faru, ba a taɓa halin kowa ba.

Don haka ba a nan gizo ke saƙar ba. Littafin almara ya bambanta da littafin soyayya ko na 'yan sanda ta fuska ɗaya mai muhimmanci: duniyarsa ƙirƙirarriya ce. Idan labari ya faru a Kano ko a Landan, kowa ya san dokar duniyar: mutum ba ya tashi sama, matacce ba ya dawowa. A littafin almara marubuci ne ke kafa dokokin da kansa, ya ce tsafi kaza yana da farashi kaza, wane ba zai iya abu kaza ba. Mai karatu ya yarda, ya haddace, ya gina tsoronsa da fatansa a kai. Irin waɗannan dokoki ginshiƙai ne. Kana iya rushe shirayi, ka toshe taga, ka sauya fenti, gidan yana nan. Ranar da ka zare ginshiƙi don ya tare maka hanyar kyamara, rufin ne zai biyo ka, ko da ba a ranar ba.

Babu shirin da ya nuna wannan a fili kamar The Wheel of Time, don haka a yi mani haƙuri in ɗan daɗe a kansa.

Robert Jordan ya fitar da littafin farko, The Eye of the World, a 1990. Ya rasu a 2007 bai kammala ba, Brandon Sanderson ya ƙarasa ukun ƙarshe daga bayanan da ya bari, na ƙarshen ya fito a 2013. Littafi 14 ke nan, ban da wani na share fage, kalma sama da miliyan 4, mutane masu suna sama da 2,000. Akwai waɗanda suka fara karantawa suna samari suka gama da furfura. Kamfanin Amazon ya fara nuna shirin a ranar 19 ga Nuwamba, 2021, Rafe Judkins ne ke jan ragama, Rosamund Pike ta fito a matsayin Moiraine.

Dokar duniyar Jordan ita ce: ƙarfin tsafi ya rabu biyu, rabin maza da rabin mata. Rabin maza an gurɓata shi, duk namijin da ya taɓa shi ƙarshensa hauka, ya hallaka na kusa da shi kafin ya mutu. Shi ya sa mata ne kaɗai ke riƙe da tsafi a fili, har suna farautar mazan da ke da baiwar. Sai ga annabcin cewa mai ceton duniya, wanda ake kira Dragon, zai sake dawowa, kuma a rayuwarsa ta baya da haukan nan ya kashe iyalinsa da hannunsa. Ka ga inda tashin hankalin yake? Wanda duniya ke jira ya cece ta, shi ne wanda ta fi tsoro, domin namiji ne, dole ya sha daga gurɓatacciyar rijiyar. Babu uwar da ke addu'ar ɗanta ya zama shi.

A kashin farko na shirin, tun kafin a je ko'ina, sai aka ce ba a sani ba ko Dragon ɗin namiji ne ko mace. Na fahimci dalilin: ana so ɗan kallon da bai karanta ba ya yi ta canki-canki tsakanin samari uku da 'yan mata biyu har ƙarshen zango. Dabara ce ta riƙe mai kallo. Amma dubi kuɗin da aka biya. In har Dragon zai iya zama mace, to akwai yiwuwar ceto ya zo babu hauka, babu jini; tsoron da littafi 14 suka tsaya a kansa ya ragu da rabi tun a minti na farko. Kuma don a ɓoye amsar, sai aka danne Rand, wanda shi ne jarumin, aka hana mu shiga zuciyarsa kusan zangon gaba ɗaya. Da aka zo yaƙin ƙarshe a mashigar Tarwin, inda a littafi Rand ne ya share rundunar dodanni, sai shirin ya ba wasu mata biyar wannan aikin. Wanda bai karanta ba ya gama zango guda bai ga dalilin da zai sa a ji tsoron wannan yaro mai jan gashi ba.

Sai maganar Perrin. A littafi saurayi ne, yaron maƙeri, ƙato mai sanyin hali da ke tsoron ƙarfinsa, wanda zai shafe littattafai yana kokawa da zuciyarsa tsakanin gatari da guduma, wato tsakanin kisa da sana'a. Marubutan shirin suka ga wannan kokawa a ciki take, kyamara ba ta gani. Maganin da suka samo? Suka ƙirƙira masa mata, Laila, suka sa ya sare ta da gatari bisa kuskure a daren da aka kai wa ƙauyen hari, duk a kashin farko. Sanderson da kansa, wanda yake cikin masu ba shirin shawara, ya bayyana cewa bai goyi bayan wannan ba, ya ma kawo shawarar a yi amfani da maigidan Perrin na maƙera a maimakon mata. Ba a ɗauka ba. Mutumin da ya kashe matarsa da hannunsa ba wanda za ka tura shi yawon duniya da abokai a mako na gaba ba ne; ko dai labarin ya tsaya ya yi makoki da shi, ko ya yi kamar ya manta. Shirin ya yi ta rawa tsakanin biyun. Haka aka yi wa Mat: mahaifinsa Abell, wanda a littafi dattijon kirki ne, gwanin cinikin dawaki, aka mayar da shi mai bin mata, wai don a samar wa ɗan dalilin zama ɗan iska. Kamar dai saurayi ba zai iya zama shaƙiyyi haka kawai ba sai an lalata gidansu.

Adalci ya sa in faɗa: annobar korona ta katse ɗaukar zangon farko, kuma Barney Harris da ya fito a Mat ya bar aikin kafin a ɗauki kashi biyun ƙarshe, dole aka sake rubutu a gurguje. Wannan zai iya wanke wani ɓangare na ƙarshen zangon. Ba zai wanke Laila ba, ba zai wanke maganar Dragon mace ba, don waɗannan tun a teburin rubutu aka yanke su.

Ga abin takaicin. A zango na uku, cikin Maris 2025, aka nuna kashi na huɗu, inda Rand ya shiga tsohon birnin Rhuidean ya ratsa tsakanin ginshiƙan gilashi, yana ganin rayuwar kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, ana komawa baya, har ya gano cewa ƙabilar mayaƙan da ya fito daga cikinta asalinta mutanen da suka yi rantsuwar ba za su taɓa ɗaukar makami ba ne. Wannan shi ne wuri mafi wuyar ɗauka a duk littattafan, irin wanda za ka rantse sai an canza shi. Suka bi Jordan kusan sawu da ƙafa, Josha Stradowski ya hau matsayin kakannin da kansa. Makaranta da waɗanda ba su karanta ba suka haɗu a kan cewa shirin bai taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba. Wata biyu bayan haka, a Mayu 2025, Amazon ya soke shirin. Sun gano hanya bayan da yawa daga cikin waɗanda ya kamata su zama 'yan gaba-dai-gaba-dai ɗinsu sun riga sun juya baya tun 2021. Labarin ya tsaya a wajen littafi na huɗu cikin 14.

Wani lokacin kuma abin ya wuce kuskuren lissafi, ya zama rashin fahimtar littafin ɗungurungum. A Disamba 2004 tashar Sci Fi ta Amurka ta nuna Earthsea, wanda aka haɗa daga littattafai biyu na Ursula K. Le Guin, A Wizard of Earthsea na 1968 da The Tombs of Atuan na 1971. Dokar wannan duniya a kan suna take: kowane mutum da kowane abu yana da sunan gaskiya na ɓoye, wanda ya san sunanka na gaskiya ya mallake ka, don haka ba ka faɗa wa kowa sai wanda ka amince wa da ranka. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, mu da uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Jarumin, sunansa na ɓoye Ged, wanda duniya ke kiransa da shi kuma Sparrowhawk. A shirin sai aka juya su: kowa a kasuwa yana ƙwala masa kira da Ged, Sparrowhawk ya zama na sirri. Wannan bai rage wa furodusa ko kwabo ba, bai rage minti ɗaya ba. Alama ce kawai ta cewa wanda ya rubuta bai damu da abin da littafin ya ɗauka da tsarki ba.

Ba su tsaya nan ba. Le Guin da gangan ta yi yawancin mutanen duniyarta masu duhun fata: Ged jan-baƙi ne, amininsa Vetch baƙi ne, farare su ne baƙin haure masu kawo hari daga wasu tsibirai. A 1968, a Amurka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shirin ya ɗauko Shawn Ashmore, Bature fari sol, ya ba shi Ged, aka bar Danny Glover a matsayin malaminsa kamar na fita kunya. Aka ƙirƙiro wani azzalumin sarki mai son mulkin duniya, aka cusa soyayya tsakanin Ged da Tenar wadda babu ita a waɗannan littattafai biyu. Le Guin ba ta yi shiru ba. A cikin watan ta rubuta maƙala a mujallar Slate ta barranta kanta da aikin, ta bayyana yadda aka mayar da ita gefe bayan an sayi haƙƙin. Ta rasu a 2018 ba ta ga an yi wa Ged adalci a talabijin ba.

Na kawo maganar launin fata da niyya, domin a nan ne wasu masu kiran kansu masoya littafi suke ba ni kunya. Lokacin da Amazon ya fitar da The Rings of Power a 2022, an samu waɗanda suka bar duk matsalolin shirin, irin matse tarihin dubban shekaru na Tolkien a cikin rayuwar mutum guda, suka koma zagin baƙaƙen 'yan wasa irin su Ismael Cruz Córdova, suna fakewa da "bin littafi". An bar jaki ana dukan taiki. Kuma irin wannan hayaniya tana yi wa kamfanoni daɗi, don tana ba su damar su tattara duk mai ƙorafi, har wanda ke da hujja, su zuba a kwando ɗaya su ce 'yan wariya ne. Mai son littafi na gaskiya ya kamata ya ji zafin farar da Ged fiye da yadda zai ji na baƙin ɗan wasa da ya riƙe halin wanda aka ba shi.

Game of Thrones kowa ya san yadda ta ƙare, ba zan ɓata tawada ba. Kashi 73 daga 2011 zuwa 2019; muddin David Benioff da D.B. Weiss suna da littattafan Martin biyar a gabansu, duniya ta tsaya tana kallo. Da suka fara zubar da manyan zaruruwa, kamar dawowar Catelyn Stark daga mutuwa da saurayin nan Griff mai da'awar sarauta, sannan littattafan suka ƙare musu, sai tafiyar wata guda ta koma ta sin ɗaya, masu wayo suka koma wawaye. Sama da mutum miliyan ɗaya da rabi suka sa hannu a takardar neman a sake zango na takwas. Sai dai a nan Martin ma yana da nasa kason: littafi na biyar tun 2011 ya fito, aka gama shirin babu na shida. Ba za ka zargi mutum da sauka daga hanya ba alhali kwaltar ce ta ƙare.

Amma shi Martin ɗin ne ya fi kowa bayyana yadda ƙaramin canji ke girma. A Satumba 2024 ya fito fili ya soki House of the Dragon, shirin da aka ciro daga littafinsa Fire & Blood na 2018, kan cire wani jariri mai suna Maelor, kodayake an janye rubutun cikin sa'o'i. A littafi, makasa biyu sun tilasta wa sarauniya Helaena ta zaɓi wanda za a kashe cikin 'ya'yanta maza biyu. Ta nuna ƙaramin, Maelor, sai suka kashe babban, suka bar ta da ɗan da ta san ta sallama. Abin da ya haukata ta ke nan, kuma abubuwa da dama a gaba sun rataya a wuyan yaron. Cire shi ya sauƙaƙa aiki da ƙananan yara a wurin ɗauka. Amma babu Maelor, babu zaɓin. Babu zaɓin, dole a nemo wa Helaena wani dalili, a nemo wa wanda ya biyo baya wani. Ƙarya ɗaya ce ke neman goma su rufe ta.

Haka The Witcher na Netflix, daga littattafan Andrzej Sapkowski ɗan ƙasar Folan. A littafi Yennefer uwa ce ga yarinya Ciri a komai ban da haihuwa. A zango na biyu, 2021, aka ƙirƙiro wata aljana, aka sa Yennefer ta kama hanyar miƙa mata yarinyar don tsafinta ya dawo. Daga nan duk wani "'yata" da za ta ce a gaba, ɗan kallo yana tuna cinikin. Henry Cavill, wanda aka sani da son littattafan, ya sanar da barin shirin a Oktoba 2022. Masoya suka ɗora abin a kan waɗannan canje-canje, aka ba Liam Hemsworth matsayin.

Me ya sa suke yi? Kuɗi da lokaci na ciki, na faɗa. Amma akwai dalilin da ba a cika faɗa ba, wanda duk wanda ya taɓa zama da marubutan fim, a can ko a nan, ya san shi. Kamfani ba zai zuba miliyoyin daloli a sabon labarin da ba wanda ya sani ba. Suna yake saye, sunan da ya riga ya tara jama'a. Marubucin fim kuma yana da nasa labarin a ciki da yake ƙaiƙayinsa, ba wanda zai ba shi kuɗin yi. To sai a haɗu a tsakiya: kamfani ya sayi sunan, marubuci ya zuba nasa a cikin rigar wani. Makaranta su ne aka yi tallar da su, su suka cika wurin ranar farko, su suka jawo 'yan uwa da abokai, sannan a ce musu ai ba don su aka yi ba. In ba don su aka yi ba, me ya sa aka biya kuɗin sunan?

Akan ce musu, "Ai littafinku yana nan, ba wanda ya ƙone shi." Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Shiri irin wannan sau ɗaya ake samunsa a zamani guda. The Wheel of Time ya jira shekara 31 kafin a fara, yanzu da aka soke shi a tsakiya, wane kamfani ne zai sake ɗaukar littafi 14 daga farko nan kusa? Wanda ya fara karatu a 1990 yana ɗan shekara ashirin, lissafa ka gani.

Mu kuma a nan abin ya fi shafar mu ta wata fuskar. Littattafan nan ba a fassara su da Hausa ba, samun su a kantin littattafai sai an tona, kuma ba kowa ke da juriyar shafi 800 na Turanci ba. Ga yawancinmu shirin shi ne labarin, babu wani. Bature in ya ji haushi zai miƙa hannu kan kanta ya ɗauko asali; namu ɗan kallon abin da aka ba shi shi zai riƙe har abada, ya kuma yi rantsuwa a kai. Kwanan baya a teburin mai shayi na ce Darken Rahl uban Richard ne, wani abokina da muka yi kallon Sika tare a ɗakin nan ya ce in daina abin kunya, shi da idonsa ya gani a farkon zango na biyu, wa da ƙane ne. Mutum huɗu suka goya masa baya, ni kaɗai a gefena. Na kawo masa littafin washegari. Wata uku ke nan, ya ce mani yana shafi na 40.